ANNE FRANK, YARINYAR DA TA RUBUTA LABARINTA A MAƁOYA

A cikin shekarar 1939 aka fara babban yaƙin duniya na biyu, wanda dattawan ƙasar Hausa suke kira Yaƙin Hitila. Samari da yawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya sun shiga soja a lokacin, aka kai su Habasha da Bama. Jiragen sama na yaƙi kuma sun yi ta sauka a filin jirgin Kano, su sha mai, su wuce Masar. Amma ba sojoji kaɗai ne suka sha wuyar yaƙin nan ba. A ƙasashen Turai akwai wata al'umma da aka yi niyyar shafewa daga bayan ƙasa, maza da mata, tsofaffi da jarirai, watau Yahudawa. Ga labarin wata yarinya daga cikinsu, da yadda aka tarwatsa gidansu.

Sunanta Anne Frank. Asalin sunan nan Anne ɗaya ne da Hannatu. An haife ta ran 12 ga watan Yuni, 1929, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Sunan ubanta Otto, uwarta kuwa Edith. Tana da ya guda ɗaya, Margot, wadda ta girme ta da shekara uku. Kakanninsu sun daɗe a Jamus, Jamusanci ne harshensu, har ma Otto ya yi wa Jamus yaƙi a yaƙin duniya na fari, ya kai matsayin hafsa. Saboda haka bai taɓa tsammanin wata rana za a ce shi baƙo ne a ƙasar haihuwarsa ba.

A farkon 1933 Hitila da jam'iyyarsa ta Nazi suka hau mulkin Jamus. Lokacin nan ana fama da talauci da rashin aiki, sai Hitila ya ɗora wa Yahudawa laifin kome. Ya yi ta faɗa wa mutane ƙarya a kansu, har da yawa suka gaskata. Aka kori Yahudawa daga aikin gwamnati, aka hana mutane ciniki a kantunansu. Da Otto ya ga haka, ya san zama bai gan su ba. Ya tashi ya tafi Amstadam, babban birnin Holan, ya buɗe kamfani mai suna Opekta, inda ake sayar da wani gari da matan Turawa suke kaurara ruwan 'ya'yan itatuwa da shi in sun dafa da sukari. Matarsa da Margot suka bi shi a ƙarshen shekarar, aka kawo Anne a watan Fabrairu, 1934, tana da shekara huɗu.

Tun daga nan dangi suka fara watsewa. Uwar Otto da ƙanwarsa suna Suwizalan, wansa yana Landan, ƙanensa yana Faransa. 'Yan'uwan Edith maza biyu suka gudu Amurka bayan da aka ƙone majami'un Yahudawa a Jamus a watan Nuwamba, 1938. Mutanen da a da suke cin abinci a akushi ɗaya, sai ga shi ba su jin labarin juna sai ta wasiƙa.

A Holan Anne ta tashi cikin jin daɗi. Ta koyi harshen ƙasar, ta shiga makaranta, ta yi ƙawaye da yawa. Margot mai kunya ce, mai natsuwa, kullum tana gaba a aji. Anne kuwa ga fara'a, ga ban dariya, ga surutu kamar aku. Wata rana malamin lissafi ya gaji da surutunta, ya sa ta rubuta insha'i a kan mai yawan magana. Ta zauna ta cika shafi uku, ta kawo hujja cewa gadon abin ta yi wajen uwarta, gado kuwa ba a raba mutum da shi. Malamin ya karanta, ya yi dariya. Tun a nan aka fara ganin alamar alƙalaminta.

Ran 10 ga Mayu, 1940, sojojin Jamus suka auka wa Holan. Cikin kwana biyar suka cinye ta. Abin da Otto ya guda ya biyo shi har gida. Ya yi ƙoƙari ya sami takardun tafiya Amurka da iyalinsa, abin bai yiwu ba. Jamusawa kuwa ba su fito da mugun nufinsu gaba ɗaya ba, sai suka riƙa kafa doka ɗaya bayan ɗaya. Da fari aka ce kowane Bayahude ya je a rubuta sunansa. Sa'an nan aka hana su shiga silima da wurin iyo da lambunan shaƙatawa. A 1941 aka cire 'ya'yansu daga makarantun da suke, aka ware musu nasu dabam, Anne ta rabu da malamarta da ƙawayenta. A watan Mayu, 1942, aka tilasta musu ɗinka tauraro rawaya a ƙirjin riga, don kowa ya gane su daga nesa. Aka karɓe kekunansu, aka hana su shiga mota. Ba su da ikon zuwa kanti sai daga ƙarfe uku zuwa biyar na yamma, ba su da ikon fita waje bayan ƙarfe takwas na dare.

Ana cikin wannan hali Anne ta cika shekara 13, ran 12 ga Yuni, 1942. Cikin kyautar da iyayenta suka ba ta akwai wani ɗan littafi da ba a rubuta kome a ciki ba, bangonsa mai zanen ja da fari. Ta mai da shi kundin da za ta riƙa rubuta abin da ya same ta yau da gobe. Daga baya ta ƙago wata ƙawa a zuciyarta, ta sa mata suna Kitty, ta riƙa rubutun kamar wasiƙa take aika mata.

Ran Lahadi, 5 ga Yuli, aka kawo takarda gidansu, wai Margot ta shirya, za a kai ta aiki Jamus. Shekarunta 16 a lokacin. Iyayen sun san wanda ya amsa irin wannan kira da wuya a sake ganinsa. Ashe tuni Otto ya yi watanni yana shirya maɓoya a asirce. Kashegari da sassafe, ana ruwan sama, suka fita. Ba su ɗauki akwati ba, don kada a gane gudu suke yi, sai kowa ya jibga tufafi a jikinsa, riga kan riga. Anne ta bar kyanwarta, ta sa kundinta a jakar makaranta. Anne da iyayenta suka taka da ƙafa kamar mil biyu da rabi. A gida kuma suka bar alamar da za ta sa a zaci Suwizalan suka nufa.

Maɓoyar tana cikin gidan kamfanin Otto, mai lamba 263 a titin Prinsengracht, a bakin wata hanyar ruwa. Wanda ya taɓa shiga gidajen masana'antu na Bompai ko Sharada ko Challawa a Kano ya san yadda irin ginin nan yake: sito a ƙasa inda leburori suke aiki, ofisoshin akawuna a sama. To, a bayan wannan akwai wani tsohon sashe mai hawa-hawa, wanda ba a ganinsa daga titi. Nan suka shiga. Daga baya aka yi wani kabad na littattafai mai juyawa, aka rufe ƙofar da shi, yadda baƙo zai zaci bango ne.

Bayan mako guda abokin aikin Otto, Hermann van Pels, ya zo da matarsa Auguste da ɗansu Peter. A watan Nuwamba aka ƙara da wani likitan haƙori, Fritz Pfeffer, suka zama su takwas. Shi ma likitan nan yana da nasa baƙin cikin, gama tun 1938 ya sa ɗansa tilo a jirgin ruwa zuwa Ingila don ya tsira, bai kuwa sake ganinsa ba har abada.

Mutum takwas ba za su rayu a ɓoye ba sai da mai kawo musu abinci. Ma'aikatan ofishin Otto ne suka ɗauki wannan kaya, ko da yake ba Yahudawa ba ne: Miep Gies da mijinta Jan, da Bep Voskuijl da ubanta Johan wanda ya ƙera kabad ɗin, da Johannes Kleiman, da Victor Kugler. Sun san wanda aka kama yana taimakon Bayahude kurkuku za shi, watakila ma ya rasa ransa. Duk da haka kullum suna zagaya kantuna da takardun rabon abinci da suka samo a ɓoye, suna kawo burodi da wake da dankali, da littattafan karatu, da labarin gari. Abokin kuka shi ne aboki, na dariya kuwa ko'ina akwai shi.

Zaman maɓoya zama ne mai wuya. Leburorin da ke sito ba su san da kowa a sama ba. Saboda haka da safe, in sun kama aiki, sai a yi tsit: ba tafiya da takalmi, ba magana sai raɗa, ba sakin ruwa a makewayi, ko tari sai an toshe baki. Tagogi a rufe suke da labule. Da dare jiragen yaƙi suna wucewa, bindigogi suna tashi, Anne takan gudu gadon ubanta don tsoro. Sau da yawa ɓarayi suka fasa siton, mutanen sama suka kwana zaune cikin duhu, suna jiran a gano su. Abinci ya yi ta raguwa, wani lokaci a yi makonni ana cin abu iri ɗaya, har da ruɓaɓɓen dankali. Zo mu zauna, zo mu saɓa: faɗa yakan tashi a kan abinci ko a kan tebur. Anne da likitan haƙori ɗaki ɗaya suke kwana, sun sha jayayya a kan ɗan teburin rubutu. Tsakaninta da uwarta ma akan sami saɓani, abin da ya dame ta daga baya.

Amma ba su zauna hannu sake ba. Otto ya zama malaminsu. Yaran uku suka ci gaba da karatu, suna koyon Turanci da Faransanci da tarihi da labarin ƙasa da lissafi, don kada a bar su a baya ran da za a koma makaranta. Iyayen suna auna tsawon 'ya'yansu a jikin bango, suna ja da fensir. Anne takan hau ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, ta leƙa sama ta wata 'yar taga, ta kalli tsuntsaye da wata babbar itaciya da ke bayan gidan. Iyakar abin da take gani na duniya ke nan. Sauran abin da ke zuciyarta kuwa, na tsoro da fushi da bege, sai ta zuba shi a takarda. Da kundin ya cika, ta ci gaba a littattafan makaranta.

Ran 28 ga Maris, 1944, suka ji wani ministan Holan yana magana a rediyo daga Landan. Ya roƙi mutane su adana wasiƙu da kundaye, domin bayan yaƙi a san abin da talakawa suka sha. Maganar ta shiga zuciyar Anne. Ta ƙudura za ta zama marubuciya, ta fitar da littafi a kan maɓoyarsu. Ta koma farkon kundinta, tana sake rubutawa a warwatsattsun takardu, tana gyara, tana ragewa, tana ƙarawa. Ran 6 ga Yuni suka ji sojojin Ingila da Amurka da abokansu sun sauka a gaɓar Faransa. Murna ta cika gidan. Otto ya manna taswira a bango, yana soka allurai a garuruwan da aka ƙwato. Anne ta fara sa ran komawa makaranta kafin shekara ta ƙare.

Ran 1 ga Agusta ta yi rubutunta na ƙarshe. Ran Jumma'a, 4 ga Agusta, 1944, da hantsi, wani ɗan sandan Jamus mai suna Karl Silberbauer ya zo da 'yan sandan Holan, suka buɗe kabad, suka hau. Kwana 761 ke nan mutanen suna ciki. Ɗan sandan ya nemi kuɗi da kayan ado. Ya ɗauki jakar da Anne take ajiye takardunta, ya zazzage su a ƙasa, ya zuba ganimarsa a ciki. Aka tafi da su takwas ɗin, har da Kleiman da Kugler. Da ƙura ta lafa, Miep da Bep suka hau, suka tsince takardun. Miep ta sa su a aljihun teburinta, ba ta karanta ba, tana jiran ran da mai su za ta komo.

Aka kai su sansanin Westerbork a arewacin Holan, aka sa su aikin fasa tsofaffin batura. Ran 3 ga Satumba aka ɗura su a taragon dabbobi, su da sauran mutane 1,019 jimla, aka kulle. Shi ne jirgi na ƙarshe da ya tashi daga nan zuwa Auschwitz, wani babban sansani da Jamusawa suka gina a ƙasar Folan. Kwana uku suna tafiya, ba wurin kwanciya, ba isasshen ruwa. Da suka isa cikin dare, aka buɗe ƙofofi da tsawa, aka ware maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. A bakin jirgin nan Otto ya yi wa matarsa da 'ya'yansa ganin ƙarshe.

A Auschwitz, tsofaffi da marasa lafiya da ƙananan yara akan wuce da su ɗakin hayaƙi mai guba a kashe su nan take. Anne ta tsira daga wannan, gama ta cika shekara 15 wata uku kafin zuwansu. Aka aske musu kai, aka tsaga musu lamba a hannu, aka sa su aikin ɗaukar duwatsu. Edith takan ɓoye ɗan burodinta ta ba 'ya'yanta. A farkon Nuwamba aka sake rabuwa: aka ɗebi Margot da Anne zuwa sansanin Bergen-Belsen a Jamus, aka bar uwarsu. Edith ta rasu saboda yunwa da ciwo ran 6 ga Janairu, 1945, saura mako uku sojojin Rasha su iso su buɗe sansanin.

Bergen-Belsen ya cika maƙil, ga sanyin hunturu, ga yunwa, ga ƙwarƙwata mai yaɗa wani mugun zazzaɓi. A can Anne ta gamu da ƙawarta ta makaranta, Hannah Goslar, wadda take wani sashe na sansanin. Shingen waya mai ƙaya da aka cusa wa ciyawa ya raba su, suka yi magana cikin dare ba su ga juna sosai ba. Anne tana kuka, don ta ɗauka iyayenta duka biyu sun mutu. Hannah ta tara ɗan abinci ta jefa mata ta kan shinge, wata mata ta cafe ta gudu. Ta sake jefawa wani dare, Anne ta samu. Ba a daɗe ba zazzaɓin ya kama Margot, ta rasu. Anne ta bi ta bayan 'yan kwanaki, wajen watan Fabrairu, 1945. Aka binne su a babban rami tare da dubban mutane. Ran 15 ga Afrilu sojojin Ingila suka iso.

Sauran mutanen maɓoya ma haka aka rarraba su, kowa ya mutu a wurinsa dabam. An kashe Hermann van Pels a Auschwitz. Likitan haƙori ya rasu a sansanin Neuengamme, Peter a Mauthausen, uwarsa kuma bayan an ɗebe ta daga wannan sansani zuwa wancan. Cikin su takwas, Otto kaɗai ya rayu. Ya biyo ta Odessa da Marseille, ya iso Amstadam ran 3 ga Yuni, 1945. A hanya ya ji rasuwar matarsa, amma yana sa ran 'ya'yansa. Ya yi ta cigiya a jarida, yana tambayar duk wanda ya komo. A watan Yuli wasu mata biyu 'yan'uwan juna, waɗanda suka zauna da yaran a Bergen-Belsen, suka tabbatar masa sun rasu. Sa'an nan ne Miep ta buɗe aljihun tebur, ta miƙa masa amanar da ta ajiye.

Da Otto ya karanta, ya yi mamaki ƙwarai, don bai san 'yarsa tana da zurfin tunani haka ba, ko da yake sun yi shekara biyu a ɗaki kusa da ɗaki. Ya ga kuma burinta na a buga littafin, sai ya cika mata. Aka buga shi da harshen Holan a watan Yuni, 1947, wajen kofe 3,000. A 1952 aka fassara shi da Turanci, daga baya aka juya shi cikin harsuna fiye da 70. Ran 3 ga Mayu, 1960, aka buɗe gidan don masu ziyara. Ɗakunan ba kaya a ciki, haka Otto ya so a bar su, amma zanen fensir na tsawon yaran da taswirar nan suna jikin bango. Otto ya rasu a Suwizalan a 1980, yana da shekara 91. Miep Gies kuwa ta kai shekara 100, ta rasu a 2010.

Yahudawa wajen 107,000 aka kwashe daga Holan, waɗanda suka komo ba su fi kamar 5,000 ba. A Turai duka an kashe wajen miliyan 6, cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Adadi mai yawa haka ba ya shiga zuciya, amma wanda ya karanta labarin yarinya ɗaya, mai kyanwa da ƙawaye da surutu a aji, ya san kowane ɗaya daga cikinsu mutum ne kamarsa, yana da uwa da uba.

Yara, ku lura da abu uku. Na fari, wannan babbar masifa da magana ta fara, da ƙarya a kan wata al'umma, da ware su a makaranta da kasuwa. In kun ji ana zagin mutum don ƙabilarsa ko addininsa, kada ku sa baki a ciki, gama ƙaramar wuta ita take cinye gari. Na biyu, waɗanda suka taimaki gidan Frank ba sarakuna ba ne, ba attajirai ba, akawuna ne da ma'aikata, amma suka riƙe amana a ran da riƙonta yake da hatsari. Na uku, waɗanda suka kama Anne suna da bindiga da mulki, ita kuwa ba ta da kome sai alƙalami. Mulkinsu ya rushe a watan Mayu, 1945, rubutunta kuwa har yanzu yara suna karanta shi a ko'ina cikin duniya.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa Otto Frank ya bar Jamus a 1933?
2. Faɗi dokoki huɗu da aka kafa wa Yahudawa a Holan.
3. Su wane ne suka riƙa kai wa mutanen maɓoya abinci, wane hatsari kuma suka shiga?
4. Ta yaya takardun Anne suka tsira har suka zama littafi?
5. Rubuta abin da ya faru a gidanku da makarantarku kowace rana har mako guda, ka kawo wa malam.